Babur Jawa Ya Dawo Kasuwa: A Yi Lissafi Kafin A Saya

Masana'antun ƙera babura na ƙasar Indiya sun gano cewa tsohon suna haja ce mai tsada. Cikin 'yan shekarun nan sun farfaɗo da sunayen da aka daɗe da mantawa da su, suna ƙera sababbin babura da siffar na da: fitila mai da'ira, tanki mai ƙyalli da doguwar sirdi. Fitacce daga cikinsu shi ne Jawa. Ya kamata 'yan kasuwarmu na Agege da sauran unguwannin Hausawa na Legas su san abin da ke ƙarƙashin wannan ƙyalli tun kafin wani dillali ya tallata musu shi.

Asalin Jawa dai daga birnin Prague ne na tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, inda František Janeček ya kafa kamfanin a 1929. Daga 1960 aka riƙa harhaɗa shi a garin Mysore na Indiya, daga bisani da sunan Yezdi, har masana'antar ta rufe a 1996. A watan Nuwamba na 2018 kamfanin Classic Legends, wanda rukunin Mahindra ke da kaso mafi tsoka a cikinsa, ya dawo da sunan kasuwa da samfura uku: Jawa, da Forty Two, da Perak. Biyun farko sun zo da inji mai cc 293, na ukun kuwa mai cc 334. Wannan kamfani ne kuma ya dawo da Yezdi a 2022, ya kuma mallaki sunan BSA na Ingila.

Abin lura na farko shi ne, siffar kaɗai ce ta da. Injin na zamani ne: ruwa ke sanyaya shi ta lagireto, na'urar lantarki ke auna masa fetur a maimakon kafireto, giyarsa shida, ƙarfinsa kuma ya kai na doki 27. Bajaj Boxer da ya cika titunanmu bai kai ƙarfin doki 10 ba. Wannan fifiko ne a kan doguwar hanya, amma kuma nauyi ne a garejin gyara. Bakaniken da ya ƙware a kan Boxer da Jincheng da sifana da sukudireba ba lalle ne ya iya gano cutar injin da sai an jona shi da kwamfuta ba.

Na biyu, kayan gyara. Boxer ya mamaye kasuwa ne domin daga Agege har kasuwar Nkwo ta Nnewi ba inda za a rasa fistin ɗinsa ko sarƙarsa. Babur da za a jira wa kaya daga ƙetare kuwa jari ne a kwance. Ko a Indiya ma, masu saye sun yi watanni suna jiran a miƙa musu baburansu a 2019. Bugu da ƙari, tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, duk abin da ake biya da dala ya ninka. Cire tallafin fetur a watan Mayu na wannan shekarar ya sa babban inji ya ƙara zama ɗawainiya.

Na uku, doka. Dokar hanya ta Jihar Legas ta 2012 ta hana babura bin manyan hanyoyi 475, ta kuma bambanta masu ƙasa da cc 200 da waɗanda suka haura. Ta wannan fuska Jawa na cikin manya. To, amma girman inji bai halatta ɗaukar fasinja ba. Daga 1 ga Yuni 2022 gwamnati ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, maƙwabciyar Agege, sannan ta ƙara huɗu a watan Satumba, wato Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Duk wanda ya sayi irin wannan babur da niyyar ba wa yaro ya riƙa kawo masa balas kullum, ya yi kuskuren lissafi tun daga tushe.

Ra'ayinmu shi ne, Jawa babur ne na hawan kai da sha'awa, ba na neman abinci ba. Attajirin da ke son sa domin zirga-zirgarsa, ya nemi abu huɗu kafin ya biya: takardar wakilcin dila daga kamfani, garanti a rubuce, takardun kwastan masu ɗauke da lambar inji da ta firam, da kuma bakaniken da aka horar a kansa. Ɗan kasuwar da ke tunanin shigo da shi kuwa, ya fara da kwantenar kayan gyara da horar da makanikai, baburan su biyo baya.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne, amma a nan tulun ne tsoho, zumar sabuwa ce. A ɗanɗana kafin a saya.