Alfarma Ce Ke Kashe Filin Wasa

Da la'asar sakaliya, a rukunin gidajen da suka yi sa'ar mallakar filin tanis, akwai abin da ke yawan faruwa. Matasa huɗu sun rubuta sunayensu tun da safe, sun jira lokacinsu ya yi, sun shiga. Ba su yi minti goma ba sai ga wani babban mutum da baƙonsa, kowa da raket a hannu. Ba ya cewa uffan; tsayuwarsa a bakin raga ta wadatar. Maigadi ya matso yana sosa ƙeya, ya ce wa yaran su yi haƙuri su ba Alhaji wuri. A ƙofar filin kuwa ga allon dokoki nan a kafe, kuma sau da yawa wannan babban mutumin ne ya jagoranci zaman da aka rubuta su. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Akan ɗora mutuwar filayen wasa a kan rashin kuɗi: raga ta yage, daɓe ya tsage, fitila ta mutu. Waɗannan duk alamomi ne. Cutar ita ce alfarma. Ranar da aka fara tayar da mai haƙƙi domin mai girma, ranar filin ya fara mutuwa, domin wanda aka wulaƙanta ba zai sake biyan kuɗin gyara ba, kuma ba zai sake tsawata wa mai ɓarna ba.

Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin masu wannan ɗabi'a sun san abin da ya fi haka, domin a Fagge da Sabon Gari suka tashi. A waɗannan unguwanni fili ya fi zinariya tsada. Fagge, wadda asalinta zangon fatake ce a wajen ganuwa, yau Kantin Kwari ya cika mata ciki; Sabon Gari, da aka kafa wa baƙi a farkon mulkin Turawa, kasuwa da shaguna sun matse ta ta ko'ina. Yaro a nan ba shi da filin tanis. Abin da yake da shi filin makaranta ne bayan an tashi, ko teburin tanis a bakin titi. Amma a wuraren nan akwai doka, kuma tana aiki. Ƙungiyar da aka ci ta fita, ta gaba ta shigo. Wanda ya faɗi a tebur ya miƙa abin bugu ga mai bi masa. Ɗan Bahaushe da ɗan Ibo da ɗan Bayarabe duk layi ɗaya suke bi, ba allo, ba kwamiti. Sai mutum ya yi digiri, ya koma gida mai ƙofar ƙarfe, sannan ya manta da darasin da ya iya tun yana ɗan shekara goma.

Tanis kuwa ya fi yawancin wasanni buƙatar wannan darasi, domin a kan amana aka gina shi. In ba a babbar gasa ba, babu alƙali. Kowane ɗan wasa shi ke yanke hukunci kan ƙwallon da ta sauka a ɓangarensa, kuma idan yana shakka, sai ya ba abokin karawarsa. Ba a ratsa fili ana tsaka da bugu. Ba a shiga da takalmin da ke ɓata daɓe. In lokaci ya cika, a fita ko da wasa ya yi daɗi. Kano ba baƙuwar waɗannan ladubba ba ce: gasar Dala Hard Court ta daɗe tana tara 'yan wasan ƙasar nan. A Wimbledon ta Ingila, inda fararen kaya suke wajibi, an umarci Roger Federer a 2013 ya sauya takalminsa saboda ƙasansa ruwan lemo ne. A lokacin ya riga ya ci kofin sau 7. Ya sauya, kuma girmansa bai ragu ba.

Masu kare alfarma za su ce girmama manya al'ada ce, kara kuma ado ce. Gaskiya ne, amma kara kyauta ce. Wanda ya ga dama shi ke yin ta. Da zarar an karɓe ta da ƙarfi ta zama ƙwace. Kuma al'adar da ake fakewa da ita ta san inda girma yake tsayawa. A adashi, ba a tsallake kwasar wata domin wata ta fi ta arziki sai da yardarta, kuma uwar adashin da ta gwada haka ba za ta sake ganin zubi ba.

Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe rayuwarta tana nazarin kayan tarayya: makiyaya a Suwizalan, dazuzzuka a Japan, magudanan ban-ruwa a Sifaniya. Ta gano cewa waɗanda suka yi ƙarni suna raye sun yi tarayya a wasu siffofi. Masu amfani da abin su ke tsara dokarsa. Mai sa ido yana ƙarƙashin tuhumarsu. Hukunci hawa-hawa ne, daga jan kunne zuwa tara zuwa dakatarwa. Babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin ƙungiyar mazauna unguwa. A rubuta dokoki kaɗan da matasa a zaune. A ajiye littafin rajista inda kowa zai gani. A daina jibga wa maigadi aikin da ya fi ƙarfinsa, domin wanda albashinsa ke hannun mutum ba zai iya ce masa ya fita ba; wannan aikin sa'o'insa ne. Sannan tara ta farko ta hau kan babba, a bainar jama'a.

Wanda yake ganin maganar ba ta kai ta kawo ba, ya tuna rusau na 2023, lokacin da aka yi ta jayayya kan gine-ginen da suka tsiro a Filin Idi da filin sukuwa. A Kano, filin da aka daina amfani da shi ba ya daɗewa a matsayin fili. Yau a ajiye motoci, gobe a kafa rumfar biki, jibi wani ya kawo shawarar shaguna. A ranar ba za a sami mai gardama ba, domin waɗanda za su tsaya wa filin su ne yaran nan huɗu da aka ce su yi haƙuri.