Waiwaye: Shekarun da aka yi wa ganyen taba gaggawa

A shekarar 1992 aka fara buga wata mujalla a Amurka mai suna Cigar Aficionado, wadda babban aikinta shi ne zancen sigarin ganye, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da hannu a Kuba da Nikaraguwa da Jamhuriyar Dominika. Abin da ya fito da ita shi ne yadda take yanke hukunci. Sai a cire wa sigari 'yar takardar da ke wuyansa, a miƙa wa masu ɗanɗano ba su san sunansa ba balle kuɗinsa, su sha, su ba shi maki cikin 100. Kafin a ce kwabo Amurkawa sun yi ca a kan abin. Zuwa 1997 sigarin hannu da ake shigarwa ƙasar ya ninka kusan sau huɗu, kamfanoni suka yi ta tsirowa, kowa na neman ganye ido rufe.

Shi kuwa ganyen taba ba ya jin kiran kasuwa. A tsiro ɗaya, ganyen ƙasa, wanda manoman Kuba ke kira volado, ba shi da ƙarfi, amfaninsa kawai ya sa wuta ta ci. Na tsakiya, seco, shi ke kawo ƙamshi. Na can sama kuwa, ligero, wanda ya fi shan rana, baƙi ne, mai kauri, mai maiƙo, kuma shi ne ginshiƙin duk sigarin da ake ce wa mai nauyi. Bayan an shanya ganyen a rumfa kusan kwana hamsin, sai a jibge shi tsibi-tsibi ya ɗau zafi da kansa, ana juyawa, kamar yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa. Daga nan a ɗaure shi a ajiye. Volado kan wadatu da shekara guda, amma ligero sai ya yi biyu ko fiye kafin ɗacinsa da warin amoniya su kwanta. Wannan jiran shi ne abin da 'yan kasuwar wancan lokaci da yawa suka tsallake.

Masu ɗanɗano na gaske ba su ruɗu ba, don aikinsu tun kafin a kunna wuta yake farawa. Mutum zai ɗauki sigarin ya duba ganyen waje, ya ga ko santsi ne, launi ɗaya, babu tsaga, babu jijiya mai kauri. Sai ya bi shi da yatsu biyu daga kai har gindi, yana dannawa a hankali. In ya ji wuri mai tauri kamar an cusa tsakuwa, mai naɗin ya murɗe ganyen ciki, hayaƙi ba zai wuce ba. In ya ji rami, wuta za ta yi gudu, sigarin ya yi zafi ya ƙona harshe. Sai ya yanke kan, ya zuƙi iska ba wuta, ya ji ko tana zuwa da ɗan turjiya kaɗan. Bayan an kunna, ido na kan layin wutar. Ligero ba ya ci da sauri, shi ya sa gwanin naɗi ke sa shi a tsakiyar ciki. In ya karkata gefe, ɓari ɗaya ya ƙone, ɗayan ya tsaya. Toka ma shaida ce: ta sigari mai kyau kan tsaya daram, ba ta zubewa da wuri.

Sannan harshe ya karɓi aiki. Ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake juya shi, a saki kaɗan ta hanci. A nan ake jin ƙamshin ƙasa mai danshi, da na jemammiyar fata, da yajin masoro, da ɗacin gahawa ko na koko. Sigari mai nauyi da aka yi da nunannen ganye yakan cika baki, ya kuma sauya yayin da yake ƙonewa: abin da aka ji a farko ba shi ake ji a tsakiya ba. Wanda aka yi da ɗanyen ligero kuwa maƙogwaro yake kartawa, ya sa jiri da tashin zuciya, ɗanɗanonsa ɗaya tilo har ƙarshe. Mutane da yawa a shekarun nan sun ɗauki wannan jirin a matsayin inganci. A ganina nan ne babban kuskuren zamanin, kuma har yau bai mutu ba: ƙarfin nikotin daban, cikar ɗanɗano daban, kuma na farkon kowa na iya cusa shi a sigari, na biyun kuwa sai wanda ya haƙura ya jira.

Ba ina kwaɗaita wa kowa shan abin nan ba ne. Sigari babba guda yana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigarin takarda gaba ɗaya, kuma yana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro ko ba a haɗiye hayaƙin ba. Fidel Castro kansa, wanda aka ƙirƙiri sigarin Cohiba dominsa a 1966, ya daina sha a 1985. Abin da ya ja hankalina shi ne sana'ar, da yadda ha'inci ke kasa ɓuya a cikinta.

Kuba ma ba ta tsira ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat ƙasar ta shiga matsin kuɗin waje, sai aka ƙara yawan sigarin da ake fitarwa a ƙarshen shekarun 1990, aka ɗebo sababbin masu naɗi da hannunsu bai faɗa ba. Ganyen Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río, wanda duniya ta sallama wa, ya riƙa isa Turai cikin sigarin da ba ya zuƙuwa. Sai a farkon shekarun 2000 masana'antun Habana suka shigo da injin gwada wucewar iska kafin a sa ganyen waje.

A Amurka kuwa kasuwar ta faɗi a 1998, kamfanonin sha-yanzu-magani-yanzu suka watse, aka bar kwalaye jibge a shaguna. Cikin waɗanda suka fito da mutuncinsu akwai gidan Padrón na garin Esteli a Nikaraguwa. A 1994, lokacin da kowa ke wawar ɗanyen ganye, su sigarin da suka fitar don cikar kamfaninsu shekara 30 da ganyen da ya yi shekara huɗu a ajiye suka naɗa shi, kuma har yau ana sayar da shi.