"Mai ai mai ne": maganar da ke kashe muku waya da ƙarfe

Jama'a, yau ba saitin waya zan koyar ba, faɗa zan yi. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri.

Makon jiya wani mai POS ya kawo min wayarsa, caji yana kamawa yana saki. Kafin ya zo wurina wani abokinsa ya ba shi shawara ya fesa WD-40 a ramin cajin, wai datti ne. Ya fesa har sau uku. Da na karɓa sai ga wani tabo ya taso daga ƙasan sikirin kamar taswira, kuma in ya kira mutum ba a jin muryarsa sai can ƙasa-ƙasa. Na buɗe. Asalin matsalar zaren aljihu ne ya cushe a ramin, aikin minti biyar da tsinken sakace. Yanzu sai an canza sikirin. Na tambaye shi me ya kai shi, sai ya ce min, "Ai oga, mai mai ne."

Wallahi wannan kalma ta fi ɓata min rai a kan wayar. Don ba yau na fara jin ta ba, kuma ba a kan waya kaɗai ba.

Ina da kawu mafarauci, bindigarsa mai baki ɗaya ce, da takardunta. Wata shekara da damina ta kama ya ajiye farauta ya koma gona, sai ya shafe ta da man gyaɗa ciki da waje, ya naɗe ta da tsumma, ya jingine a lungun ɗaki. Da kaka ta yi ya ɗauko, man ya zama kamar ƙaro, yana danƙo yana wari, kunamar ba ta motsi sai da ƙarfi. Inda tsumman ya manne duk ɗigon tsatsa, saboda tsumma yana shan laima ya riƙe ta a jikin ƙarfe. Katakon kuma ya yi baƙi a inda ya haɗu da ƙarfen, don man ya gangaro ya shige shi. Shi ma da na yi magana abin da ya ce ke nan, mai mai ne.

To ba haka ba ne. Aiki uku ake nema a wurin mai, kuma daban-daban ne. Akwai mai wanke datti ya kori ruwa. Akwai mai sa ƙarfe ya yi sulɓi a kan ƙarfe. Akwai kuma wanda zai zauna a jiki wata da watanni ya hana iska da laima taɓa ƙarfen. In kana son ka gane bambancin, dubi sojoji, don su in ƙarfensu ya ƙi aiki rai ne a bakinsa.

Shi WD-40 ɗin da kuke ɗauka maganin komai, a 1953 wani ƙaramin kamfani a San Diego ta Amurka ya haɗa shi, aka fara amfani da shi don kare jikin makami mai linzami na Atlas daga tsatsa. Haruffan WD ɗin korar ruwa suke nufi, 40 kuma gwaji na arba'in ne da ya yi daidai. Sunansa ma ya faɗa maka aikinsa. Yawancin abin da ke cikin gwangwanin ruwa ne mai bushewa, ya tafi ya bar ɗan mai siriri. Ƙarfe ya jiƙe, noti ya cije, kwado ya ƙi buɗuwa, a nan ba a ja da shi, ni ma ina da shi a shago. Amma ka fesa wa abu ka ajiye shekara kana tsammanin ka gama, ka yaudari kanka.

Da sojojin Amurka za su tura bindigogi ta teku a yaƙin duniya na biyu, wani abu mai kauri kamar kaki suke dulmiya su a ciki, sunansa Cosmoline. Har yau ana buɗe akwatunan tsofaffin bindigogi da aka yi wa irin wannan shafi shekaru da dama, a tarar ƙarfen lafiya. Sai dai ba a harbi da shi a jiki, dole a wanke shi tas tukuna. Na aikin yau da kullum kuma suna da wani daban mai laushi da ake kira CLP, wanda ke wanki da sulɓi da kariya gwargwado. Jamusawa tun 1904 suka haɗa nasu, Ballistol, don sojansu yana son mai ɗaya da ba zai cuci ƙarfe da katako da fata ba. Ka ga mutanen da ke da kuɗi da masana ba su yarda mai mai ne ba. Sai mu?

Na san abin da wasu za su ce: kakanninmu da man gyaɗa da man shanu suka riƙe adda da takobi da bindiga, me ya same su? Gaskiya ne, ban musa ba. Amma su kullum abin yana hannunsu, yau a shafa, jibi a goge a sake sabo. Man abinci in ya daɗe yana haɗuwa da iska sai ya lalace ya yi danƙo. Je ka taɓa gefen kaskon mai ƙosai ko bakin jarkar man da ke kicin ɗinku, abin da ka ji ya manne maka a yatsa shi ne zai zauna a cikin keken ɗinkinka. Na taɓa ganin tela ya zuba man gyaɗa a kekensa ya tafi ƙauye wata huɗu, ya dawo hannu ya ƙi juyawa, sai da aka jiƙa shi da kananzir.

Wasu kuma su ce talauci ne, ina za mu samu man Turawa? Wannan ba hujja ba ce. Farin man keken ɗinki yana ko'ina a kasuwa, ba ya danƙo, kuma ya isa ga almakashi, filaya, ƙarfen aski da makamantansu. Na ajiya mai tsawo, basilin fari marar turare ko giris mai tsafta, a shafa siriri a kan ƙarfen da aka wanke ya bushe sarai. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne bakin man da aka juye daga babur ko janareta. An cire shi ne don ya gama aiki, yana ɗauke da baƙin hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe da gubar ƙonewar fetur. Abin da injin ya amayar shi za ka shafa wa kayan sana'arka don yana kyauta?

Sannan ku tuna ƙasarmu lokaci biyu gare ta. Da damina laima ce abokiyar gaba, ana son kariya mai zama. Da hunturu ƙura ce, kuma mai da yawa kiran ƙura yake yi. Su haɗu su zama kamar yashin goge tukunya, su riƙa cin ƙarfen a duk motsi. Lokacin buji ɗigo ɗaya, a goge saura da ƙyalle. Ga masu farauta irin kawu: a tabbata babu harsashi kafin a taɓa komai, kar a naɗe da tsumma ko buhu, a ajiye baki ƙasa don kar mai ya gangara cikin katako, a riƙa dubawa duk bayan 'yan makonni. Kuma kar a kuskura a harba alhali giris yana cikin bututu, yana iya kumbura shi ko ya fasa shi a fuskar mutum.

Mu dawo kan waya, don nan ne sana'ata. Waya ba ta buƙatar mai ko ɗigo. WD-40 ba ya ɗaukar wutar lantarki, shi ya sa wasu ke cewa sun fesa ba abin da ya faru. Ɓarnarsa a hankali take. Yana rarrafe ya shiga tsakanin ledojin da ke bayan sikirin ya bar tabon da ba ya fita, ya jiƙa ragar sifika da ta wajen magana, ya sassauta gam ɗin da ke riƙe murfi. Abin da ya rage a ramin kuma ya zama tarkon ƙura, bayan wata biyu cajin ya fi da lalacewa. Eh, kamfanin yana da wani gwangwani daban na wanke kayan lantarki wanda ke bushewa ƙaf, amma ba shi ne mai shuɗi da rawaya da ke hannun bakanike ba. Ku riƙa karanta jikin gwangwani.

In cajinka yana yankewa, kashe wayar, haska ramin da fitila, ka sa tsinken sakace na itace a hankali ka ciro zaren. Ban da allura, ban da reza. In sai an wanke, mu isopropyl muke sawa, mai kashi 99, a kan ɗan buroshi, don yana bushewa bai bar komai ba. In ajiye wayar za ka yi tsawon lokaci, bar cajinta wajen kashi 50, kashe ta, sa ta wuri mai sanyi marar laima tare da ƙananan ƙullin nan na shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Apple ma shawararsu ke nan, rabin caji, kuma duk wata shida a sake mayar da shi rabi.

Mai POS dai ya biya kuɗin sikirin yana ta tsaki, kwana biyu bai yi ciniki ba kafin kayan su iso. Da zai tafi ya bar min gwangwanin a kan tebur, ya ce ba ya son sake ganinsa. Na fesa wa ƙofar shago, ta daina ƙara.