Wai Su Masu Ɗanɗano Ne, Ba Mashaya Ba!

Ya ku jama'ar Hausari, da na Gwange, da na Bulumkutu, da duk wani Bahaushe da neman abinci ya ajiye a garin Yerwa. Yau da ɓacin rai na zo muku, kuma wanda ya ji maganata ta taɓa shi, ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Makon jiya ɗan ƙanwata, wanda muka haɗa kuɗi muka tura karatu ƙasar waje, ya zo gaishe ni. Muna cikin hira sai ya miƙo mini wayarsa zai nuna mini hoton wani fili, sai yatsa ya zame, wani bidiyo ya buɗe. Ga shi nan da abokansa su biyar a wani falo, kowa da ɗan kofin gilashi mai tsukakken baki, suna kaɗa shi, suna shinshina, suna kurɓa, wani na rubutu a takarda. Na ce, "Kai yaro, mene ne wannan?" Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Kawu, wiski ce, amma wallahi ba abin da kake zato ba ne. Mu ba mashaya ba ne, masu ɗanɗano ne. Ba ma buguwa. Maki kawai muke ba ta."

Mai karatu, ka ji fa. Maki!

Ban yi masa faɗa a ranar ba, don na san halin 'yan boko: in ka soki abin da ba ka sani ba, sai su ce jahilci ne ke damunka. Sai na zauna na karanta abin nasu, ga kuma abin da na samo. Wiski barasa ce da ake tacewa daga hatsi. Ta ƙasar Sikotilan, wadda suka fi girmamawa, tushenta sha'ir ne. A jiƙa shi ya tsiro, a busar, wasu su turara shi da hayaƙin wata irin ƙasa mai cin wuta, a dama, a bari ya yi tsami, a dafa a tara tururin. Dokar ƙasar ta ce sai ta kwana aƙalla shekara 3 a gangar katako, kuma ƙarfinta kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Ta Amurka da ake kira Bourbon, sama da rabin hatsinta masara ce. Masu ɗanɗanon kuwa suna duba kala, su shinshina, su kurɓa, su jira abin da zai rage a maƙogwaro, sannan su ce wai sun ji zuma, ko hayaƙi, ko busasshen 'ya'yan itace. Wani Bature mai suna Jim Murray tun 2003 ya fara fitar da littafi duk shekara yana ba kwalabe maki bisa 100. Su ne yaranmu suke kwaikwayo.

To na sani yanzu, kuma sanin bai canza ra'ayina ba, sai ma ƙara mini haushi da ya yi. Ku duba fa: giyar kwalba da ake sha a mashaya ƙarfinta yawanci wajen kashi 5 cikin 100 ne. Ke nan wadda ɗana yake cewa "ɗanɗano kawai" ta ninka ta sau 8. Kalar da suke ɗaga kofi suna yabo ma, dokar Sikotilan ta yarda a ƙara ƙonannen sukari don a gyara ta. Su kansu gwanayen da ke haɗa ta a masana'anta, yawancin aikinsu da hanci suke yi. Kai kuma da ka haɗiye don ka ji abin da ya rage a maƙogwaro, me ka yi in ba sha ba? Hanta ba ta karanta takardar maki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, kuma tun 1988 masu binciken cutar daji suka sa ta a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar, tare da taba. Wannan maganar likitoci ce, ba ta malaman zaure ba. Ta malaman kuwa kowa ya san ta tun yana makarantar allo, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta ware mai tsada ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne raina talaka da ke cikin lamarin. Yaron da ke dakon kifi a kasuwar Baga Road, in ya sayi 'yar leda ta barasa ya tsotsa, sunansa ɗan iska. Wanda aka kama da kwalbar kodin, wadda gwamnatin tarayya ta hana a 2018, sunansa ɗan ƙwaya, a aske masa kai, a nuna shi. Hukumar NAFDAC ta tashi haiƙan a Fabrairun 2024 kan barasar leda da ta ƙananan kwalabe, mutane da yawa suka ce madalla, har da su 'yan falon. Amma ɗan gidan wane, da yake tasa ta zo a kwali mai zanen zinariya, shi sunansa mai ɗanɗano, wayayye. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ke cikin ledar da abin da ke cikin kwalin sinadari ɗaya ne, kuɗi ne kawai ya raba musu suna. A Nuwamban 2023 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Macallan ta shekarar 1926 a Landan a kan fam miliyan 2 da ɗoriya. Wannan shi zai nuna maka cewa rabin abin da ake ɗanɗanawa tsada ce da burga.

Kuma wannan rabon ba yau aka fara shi ba. Bayan yarjejeniyar Birasal ta 1890, Turawan mulkin mallaka sun hana shigo wa 'yan ƙasa da barasa mai ƙarfi a Arewa, su kuwa suna shan tasu a kulob ɗinsu. Garin nan da aka kafa a 1907 a zamanin Shehu Garbai, a cikin wannan tsarin ya tashi: wiski ta Joji ce da Razdan. Yau Bature ya tafi, jikokin fatake da masu sayar da goro sun zauna a kujerarsa suna kaɗa kofi kamar yadda yake kaɗawa, suna kiran hakan ci gaba. Kaico!

Kada wani ya juya mini magana. Ban ce a far wa kowa ba. Mu da muka zauna a garin nan mun ga abin da ɗaukar doka a hannu ke haifarwa. A Yunin 2011 an jefa bama-bamai a wata mashaya a Dala, mutum sama da 20 suka mutu. Wanda ya yi wannan ya fi duk wani mashayi laifi nesa ba kusa ba, kuma masu irin wannan tunanin su ne suka mayar da dubban yaranmu marayu. Haka nan maƙwabtanmu da addininsu bai hana su ba, ba da su nake ba. Da namu nake, 'ya'yan da muka raɗa wa suna.

Sannan akwai doka. Tun zamanin Gwamna Mala Kachalla, lokacin da aka kawo shari'a a farkon shekarun 2000, aka taƙaita sayar da barasa a jihar nan. An sake jaddada hanin a 2017, Gwamna Zulum kuma ya ƙara tsaurara shi a Mayun 2025. Mu kuwa baƙi ne, ko da a nan aka binne cibiyar wasunmu. Kakanninmu sun zo daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, wasu fatauci, wasu neman Alƙur'ani a wajen gwanayen Barno, aka ba su masauki har unguwa ta ci sunansu. Ranar da aka kama 'yan falon nan, ba za a ce ɗan wane ba ne, cewa za a yi yaran Afuno ne, kamar yadda Barebari ke kiranmu. Wake ɗaya ke ɓata gari. Mutuncin da tsofaffi suka tara a Kasuwar Monday cikin shekara ɗari, kada a zubar mana da shi a ɗan kofi.

In kuwa da gaske harshe da hanci kuke so ku horar, to a gida kuka bar gwanaye. Marigayi mahaifina kan ɓare goro ya ciza sau ɗaya ya faɗa maka daushe ne ko sabo, ɗan Laboji ne ko gandi, bai taɓa riƙe takardar maki ba. Matan garin nan kan shinshina humra ko turaren wuta su lissafa maka kajiji da farce da sandal da ke ciki, kuma har Kano da Abuja ake neman haɗinsu. Ga masu shayi, ga masu kilishi, ga masu zuma. Wa ya taɓa zama ya rubuta wannan ilimin kafin masu shi su ƙare? Kun tsallake duk wannan kun je kuna haddace sunayen tsibiran Sikotilan.

Jiya na kira ɗan nawa na faɗa masa duk abin da na faɗa muku. Ya ce, "Kawu, ai sau ɗaya ne a wata." Na ce, "Ɗana, babu mashayin da ya fara da kwalba guda, kowa da kurɓi ya fara. A juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe." Na ce masa ba zan gaya wa uwarsa ba a wannan karon, don hawan jini gare ta, amma in na sake gani ni da kaina zan kai maganar. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Ina jira.

Ku kuma iyaye, ku daina zaton ɓata sai a bayan tasha. Ku riƙa leƙa falon da aka rufe, ku tambayi abokan 'ya'yanku su wane ne. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ƙara wa Barno zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa.