Zauren Sana'a: Idan Gargaɗi Ya Shigo Shafin Kasuwanci

A nan Sabha, daga Gurda har Mahdiyya, akwai teloli da masu shaguna da shafin Facebook ya zame musu rumfa ta biyu. Shi ya sa saƙon da ke cewa an karya ƙa'ida yakan tayar da hankalin gida baki ɗaya.

Da farko a tantance saƙon. Mazambata sukan rubuto ta Messenger da sunan kamfanin Meta, su ce za a rufe shafi cikin awa 24 muddin ba a latsa wani adireshi an shigar da kalmar sirri ba. Duk wanda ya shigar, ya miƙa wa ɓarawo makullin shagonsa. Gargaɗin gaskiya a cikin saitin shafin yake bayyana, kuma ba ya neman kalmar sirri.

Idan na gaskiya ne, a duba tallar da ta jawo shi. Sau da yawa magani ne, ko jabun kaya, ko kiɗan wani da aka ɗora a bidiyo. Bisa tsarin da Meta ya sanar a 2023, a ƙananan laifuffuka karon farko gargaɗi ne kawai, na bakwai yakan jawo hana wallafawa na kwana ɗaya, na goma kuwa kwana 30. Wanda aka yi wa kuskure ya nemi a sake dubawa.

Sannan a riƙa rubuta lambobin abokan ciniki a littafi, domin rumfar ta aro ce. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.