Yaron Da Ke Toshe Kunne A Makarantar Allo

Ya ku malamai da 'yan kasuwa na Fagge da Sabon Gari, akwai wani irin yaro da ake zalunta ba da sani ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido da mutane, in almajirai suka ɗaga murya da karatu sai ya toshe kunne ya yi ta kururuwa. Waɗansu su ce taurin kai ne, waɗansu su ce iska ce. Likitoci kuwa galahanga suke ce da wannan hali, tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya siffanta shi. Halittar ƙwaƙwalwa ce, bulala ba ta kawar da ita.

Lalle ne malami ya zaunar da shi gefen zaure, nesa da hayaniya, wuri guda kullum, ya biya masa kaɗan kaɗan da sassaucin murya. Kada a sauya masa mazauni ko lokacin wanke allo sai an gaya masa tukuna, gama sauyin ba-zata na tayar masa da hankali ƙwarai. Waɗansunsu akan same su da kaifin hadda mai ban mamaki.

Uban da ke da rumfa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, in tilas ne ya tafi da shi, da sassafe ya fi, kafin cunkoso. A ɗinka masa takarda mai sunan unguwa da lambar waya a jikin riga, domin irinsu sukan fice daga gida, ga motoci a Titin Murtala Mohammed, wani kuwa ko sunan ubansa ba ya iya faɗi.