Rabon Ƙarfin Tartsatsin Rana

Ku sani, ran 10 ga watan Mayu 2024 wata guguwa daga rana ta bugi duniya, wadda ba a ga kamarta ba tun 2003. Manoma da yawa a Amurka suka tsai da shuka, domin na'urar da ke nuna wa motocin nomansu hanya ta rikice. Tun daga nan, da zarar an ce tartsatsin rana ya kai darajar X sai hankalin mutane ya tashi. Amma lalle wannan harafi mudu ne wanda ba ya auna dukan hatsin.

Asalin al'amarin, bisa baƙaƙen tabon da ke fuskar rana akwai igiyoyin maganaɗisu waɗanda ke murɗewa kwana da kwanaki, har su tsinke su sake ƙulluwa. Ƙarfin da ya taru cikinsu sai ya kuɓuce cikin 'yan mintoci, ya rabu kashi-kashi. Wani kaso yana ingiza ƙwayoyin lantarki da gudu, su kuwa su dafa iskar rana har zafinta ya haura daraja miliyan 10. Wani kaso ya fito haske, ya iso nan cikin minti 8. Shi ne ke kashe rediyo mai gajeren zango a sashen duniya da ke cikin rana, mai sauraro ya yi ta murɗa akwatinsa a banza. Sa'an nan a manyan tartsatsi kaso mai nauyi yakan tafi wajen cilla wani gungun iska mai maganaɗisu, wanda ke tafiyar kwana 1 zuwa 3.

To, Hukumar NOAA ta Amurka tana jera tartsatsi A, B, C, M, X, kowace daraja ninki 10 ta wadda ke ƙasa da ita, bisa ga hasken nan kaɗai irin wanda likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Alhali kuwa wannan ɗan kaso ne ƙanƙane, ɓarnar wayoyin lantarki tana ga gungun da ke tafe. Ran 4 ga Nuwamba 2003 tartsatsi ya fi ƙarfin ma'auni, aka ƙiyasta shi X28, amma da yake a gefen rana ya tashi, gungunsa ya goce. Wanda bai kai shi ba shi ya jefa mutum miliyan 6 cikin duhu sa'a 9 a Kebek ta Kanada, ran 13 ga Maris 1989. A Fabrairu 2022 kuwa, bayan tartsatsi mai darajar M kawai, kamfanin SpaceX ya yi hasarar taurarin ɗan'adam 38.

Har wa yau, ko gungun ya nufo duniya, ba ya tsananta ɓarna sai maganaɗisunsa ya fuskanci kudu. Wannan kuwa ba a tabbatar da shi sai ya wuce kumbunan da ke tsaro kusan mil miliyan 1 daga nan, watau abin da ya rage wa masu kula da wutar lantarki yawanci bai cika sa'a guda ba.